Ba a Gaya wa Mai Jego

To, labarin Gladys ne wannan, matar Francis soja, wadda ke zaune can bayan tasha a Zuru. Labari ne da ba ya zaunuwa a ciki, dole a ba da shi da zafinsa.

Gladys dai ita ce mai garin kunun yaran nan na leda, mai hoton cokali a jiki. Gero ne da waken suya da gyaɗa, a soya, a niƙa, a ƙulla. Da can ita kaɗai take yi a tsakar gida da kasko ɗaya, har hayaƙi ya mayar mata da ido kamar gauta. Da abu ya kankama sai ta daina taɓa kasko. Ita ke sayen kaya, ta aika wa wasu mata a Kanya su yi aikin, a dawo mata da gari ta zuba a leda. Babbar matan nan ita ce Saloma, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba, mace mai hannun suya, wake ba ya ƙonewa a kaskonta. Mai kai kaya da dawo da su kuwa Malam Mode ne ɗan kabu-kabu, mai gemu da tsohon babur.

Abin da ke riƙe da duk wannan harka wata manhaja ce a waya, da aka koya musu a ƙungiyar masu ƙananan sana'a. Buhu nawa ya shigo sito, buhu nawa ya fita, wa aka kai wa, duk yana ciki. Kowane aiki da layinsa: wanki, shanya, suya, niƙa. In mai aiki ta gama sai ta danna kore a tata wayar. In an sami matsala ta danna ja. Sai ga Gladys tana Zuru tana ganin Kanya kamar a tafin hannunta.

Ana nan sai Hajiya Aishatu, mai wani babban kanti a Birnin Kebbi, ta ɗanɗana kunun a gidan suna, ta nemi lambar Gladys. Ta ce leda ɗari uku take so, a sa mata a motar Alhamis ta makon gaba. Ta ce ta share kantar jera kaya guda a shagon saboda garin, amma akwai wani mai irin kayan da ke ta zarya a kanta, in Alhamis ta wuce ba kaya, kanta ta zama tasa. Shekara uku Gladys na neman ƙofa irin wannan. Ta lissafa a manhaja, manhaja ta ce buhu uku na wake za a ci, da gero da gyaɗa daidai da su. Ta aika komai Kanya. Kwana biyu bayan nan naƙuda ta kama ta, ta haifi ɗiya mace, suka sa mata Divine.

Francis yana can wurin aiki bai sami izini ba, sai uwarsa Mama Talle ta taho daga Dirin Daji da ƙunshin kayanta, ta karɓe gidan. Ruwan zafi da ganyen darbejiya safe da yamma, kunun kanwa har sai mutum ya ce ya tuba. Ta kafa doka: ba fita, ba ɗaga abu mai nauyi, ba dogon tunani.

Ranar Litinin da safe, saura kwana uku mota ta tashi, Gladys na zaune bakin gado jaririya na shan nono, ta buɗe waya da hannu ɗaya. Kore ne daga sama har ƙasa. Gero kore, gyaɗa kore. Wake: wanki kore, shanya kore, suya kore. Saura niƙa kawai.

Ta ajiye wayar. Ta sake ɗauka.

Da wata ce sai ta yi godiya ta koma barci. Amma ita wani abu ne ke mata yawo a ƙirji kamar ƙuda a cikin kwalba. Ta leƙa taga. Tun ranar Jumma'a da yamma ruwa ke zuba, in ya tsaya sai yayyafi, ko zanen jaririya ba ya bushewa sai an rataya a gefen murhu. Kanya kuwa ba wata ƙasa ba ce, hadari ɗaya ke rufe su. To a wace rana buhu uku na wake ya bushe?

Ta danna layin shanya ta duba lokaci. Lahadi, ƙarfe goma da minti arba'in na safe. Ta danna na suya. Lahadi, ƙarfe goma da minti arba'in da ɗaya. Wato cikin minti ɗaya wake ya bushe kuma ya soyu. Kuma ranar Lahadi a wannan lokaci, kowa ya san Saloma na gaban zumuntar mata a coci da kacau-kacau a hannu.

Ta kira ta.

"Mai jego," in ji Saloma, murya kamar zuma. "Kin tashi lafiya? Ya ruwan zafi?"

"Lafiya lau, Yaya. Ya aikin?"

"Aiki sai godiya. Ina amaryata? Tana shan nono sosai?"

"Tana sha. Yaya, waken nan fa?"

"Ke dai ki ci ki ƙoshi. An ce ta ɗauko hancin Francis, Allah ya sa ba ta ɗauko kunnensa ba."

"Yaya Saloma, wake nake tambaya."

"Wake yana nan inda yake. Kai, ruwa ya ɓata sabis, ba na jin ki. Ki gaida Mama."

Waya ta mutu. Wake yana nan inda yake. Gladys ta miƙe da jaririya a kafaɗa, ta je ƙofa, ta dawo, ta je taga, ta dawo. Ɗakin taku huɗu ne, ta auna shi ya fi sau talatin. Mama Talle ta shigo da kwanon kunu ta tsaya tana kallon ta.

"Ke kaza ce mai neman wurin ƙwai? Zauna."

"Mama, akwai abin da ke faruwa a Kanya."

"Abin naki bai nuna kore ba? Ke kika ce mini in kore ne lafiya."

"Koren ya yi yawa."

"Yau na ji ikon Allah. Ja ba ya miki, kore ba ya miki." Ta miƙa hannu ta zare wayar daga kan gado ta cusa a ɗaurin zanenta. "Sai kin shanye wannan. Mai jego in ta sa damuwa a rai nono ƙafewa yake. Ni na haifi bakwai, ba a littafi na karanta ba."

Gladys ta sha kunun nan ba ta san ɗanɗanonsa ba. Amma ta lura da abu ɗaya. Mama Talle mace ce mai son jin komai, ko akuyar maƙwabta ta yi tari sai ta tambayi dalili. Yau an ce mata akwai abu a Kanya, ba ta ce mene ne ba.

Wajen azahar aka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Malam Mode ne ya kawo ledojin da aka buga wa hoton cokali daga wurin mai bugawa. Ya yi sallama daga zaure, ya ajiye kaya, yana shirin juyawa. Mama Talle na can ta baya tana hura wutar ruwan wanka. Gladys ta yafa zane ta fito bakin ƙofar ɗaki.

"Malam Mode, ba za ka ga ɗiyarka ba?"

Ya shigo yana goge ruwa daga gemu, ya leƙa jaririya daga nesa. "Tubarkalla. Allah shi raya. Madam, bari in tahi, ruwa na tahowa."

"Yaushe rabonka da Kanya?"

"Jiya da marece."

"Ka shiga gidan Yaya Saloma?"

"Na shiga, awo."

"Duk ranar da ake suya, in ka zo nan rigarka ƙamshin wake take yi har kwana biyu. Yau ba na jin komai sai fetur."

"Ruwa ne ya wanke."

"Malam Mode, kai mai salla ne. Yanzu ma masallaci za ka. An soya waken nan?"

Mutumin nan ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi babur ɗinsa ta zaure kamar zai zo ya cece shi.

"Madam, ni ban ce an soya ba, ban ce ba a soya ba."

"To me ka ce?"

"Ni dai cewa sunka yi kar in hwaɗa miki."

"Su wa?"

"Da Saloma da Mama." Ya rage murya. "Don Allah kar ki ce ni ne. Tsohuwar nan tsoro nika ji nata ya hi na soja."

Daga nan ya zazzage komai. Ranar Jumma'a da hantsi rana ta fito, Saloma da matanta suka wanke buhu biyu suka baza a tabarmi, suka tafi gaisuwar mutuwa a wata unguwa. Kafin su dawo ruwa ya sauko. Suka kwashe wake jiƙe sharkaf suka zuba a ɗaki, suna jiran rana, rana ba ta zo ba. Yanzu ya yi tsami, wani ya tsiro, wani ya yi fumfuna. Buhu ɗaya ne ya tsira, wanda ba a kai ga wankewa ba. Gero da gyaɗa kam an gama su tun kafin ruwan. Saloma ta kira Mama Talle tana kuka, Mama Talle ta ce kul, ba a kai wa mai jego mugun labari, a lallaɓa. Da manhaja ta dami Saloma da ƙara tana tambayar ina aka kwana, sai ta danna kore don wayar Gladys ta yi shiru. Niyyarta ta sayi wani wake da kanta ranar kasuwa ta mayar ba wanda ya ji.

"Ranar kasuwar tasu yaushe ce?"

Mode ya sosa ƙeya. "Bayan mota ta tashi."

Sai ga Mama Talle da itace a hannu. Ta dubi Mode, ta dubi Gladys, ta gane.

"Mode, bakinka kamar rariya."

"Mama, da masallaci ta haɗa ni."

"Mama, ba ni wayata," in ji Gladys. Muryarta ba ta tashi ba.

"Don ki yi me? Wake ya lalace ya lalace. Ki bar shi, Allah zai kawo wata Hajiyar."

"Da tun Asabar kuka gaya mini, da yanzu an gama gyarawa. Kwana biyu kuka cinye mini saboda kuna sona. Ki ba ni, ko in saɓa ɗiyar nan in hau bayan Malam Mode zuwa Kanya a cikin ruwan nan."

"Ba da ni ba," in ji Mode.

Tsohuwa ta kwance ɗaurin zane ta miƙo wayar. "In nono ya ƙafe, ke da Francis."

Gladys ta zauna a kan turmi a bakin ƙofa. Da farko ta goge koren ƙaryar nan, ta cire buhu biyu daga lissafin Kanya ta rubuta sun lalace. Nan take manhaja ta nuna leda ɗari kawai za a samu. Ta shiga wajen sito a manhajar. Buhu ɗaya na wake na nan a ɗakin ajiya na gidan, wanda ta saya don zagaye na gaba, ita har ta manta da shi cikin hidimar haihuwa. Ta ƙara shi. Leda ɗari biyu. Ta duba sunayen masu aiki, ga Hassana, wata mai tuyar ƙuli a nan cikin Zuru, da ta taɓa yi mata suya sau biyu, tana da rumfar kwano da manyan kasake. Ta kira ta.

"Ba rana, Maman Divine," in ji Hassana. "Sai dai in wanke in busar a kasko da garwashi kaɗan-kaɗan. Aiki ne na kwana biyu, kuma zai ci itace kamar gidan biki."

"Ya ci. Malam Mode na tafe da buhu yanzu."

Ta raba aikin gida biyu a manhaja, buhu ɗaya Hassana, buhu ɗaya Saloma, niƙa ranar Laraba da hantsi a injin Zuru, a haɗo gero da gyaɗa daga Kanya. Ta aika wa Saloma saƙon murya, ba gaisuwa mai tsawo: ta ji komai, a zubar da ruɓaɓɓen ko a ba aladu, kar ƙwaya ɗaya ta shiga abincin yara, a busar da mai kyan a kasko yadda Hassana za ta yi.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi nauyi. Ta kira Birnin Kebbi.

"Maman jariri," in ji Hajiya Aishatu. "Ya jego? Ya kayana?"

"Lafiya lau, Hajiya, komai na tafiya dai..." Sai ta ji abin da bakinta ke faɗa. Ta tsaya. Mama Talle na gefe ta kafa mata ido. "A'a, Hajiya. Ba lafiya ba. Ruwa ya ɓata mini buhu biyu na wake. Ɗari biyu zan iya sa miki ranar Alhamis, ba ɗari uku ba. Sauran sai mako mai zuwa."

Ana jin hayaniyar kanti ta waya.

"Na riga na ce wa mutumin nan ba wuri," in ji Hajiya. "Yanzu kina so in bar kanta da giɓi kamar bakin tsohuwa?"

"In na cika da ruɓaɓɓe zai kai ɗari uku. Ba zan cika ba."

"Hm. Ɗari biyu su iso Alhamis. In na ga ƙasa da haka sosai, kar ki sake kira na."

Talata da Laraba Gladys ba ta san zama ba. Tana wanka tana tambayar ƙarfe nawa. Tana ba da nono tana leƙen waya. Hassana ba ta danna komai ba har Talata da yamma, sai da Gladys ta kira, ta ce hannunta duk toka ne, ba za ta ɓata waya ba. Saloma kuwa yanzu ta koma kira duk bayan awa biyu, itace ya jiƙe, hayaƙi ya yi yawa, wata cikin matan ta tafi gona. Laraba da hantsi mai inji ya ce bel ya saki, sai da Mode ya zagaya kasuwa ya samo wani. Gari bai iso gida ba sai bayan la'asar, da ɗuminsa, ƙamshi ya cika unguwa. Wutar lantarki kuwa ta ɗauke, injin liƙe leda ya zama kwalliya. Mama Talle ce, wadda ta ce a bar wa Allah, ta kunna kyandir ta jawo kujera 'yar tsugunne, ta ce a da can da me ake liƙewa. Gladys na aunawa, Hassana na zubawa, tsohuwa na bi da bakin leda ta gefen wuta tana mita. Nono kuwa bai ƙafe ba, har jiƙa riga yake.

Alhamis da sassafe aka ƙirga. Ɗari da casa'in da huɗu. Shida sun fashe a wurin liƙi. Gladys ta rubuta haka a manhaja, ɗari da casa'in da huɗu, ta aika wa Hajiya hoton. Mode ya yi sawu uku zuwa tasha da kwalaye, ya tsaya har ya ga an ɗaure su a ƙarƙashin tamfol, motar ta fita.

Sai jira. Ta share ɗakin da aka riga aka share. Ta canza wa Divine riga sau biyu ba dalili. Bayan la'asar saƙo ya shigo, hoto ne: ledoji masu cokali jere a kanta, an ɗan baza su don su rufe wuri. A ƙasa Hajiya ta rubuta: "Sun iso. An sayi tara tun ban gama jerawa ba. Sauran kar su wuce mako."

Gladys ta zauna a gado, karon farko a kwana huɗu da ta zauna da duka jikinta.

Washegari Saloma ta zo barka a bayan Mode, da kaza a hannu da ƙullin daddawa. Ta karɓi jaririya ta yi ta juya ta, ba ta yarda sun haɗa ido da Gladys ba sai da aka kawo ruwa.

"Yaya," in ji Gladys, "ja ɗin nan ba zagi ba ne. Don shi aka yi abin. In kin danna ba cewa kika yi kin gaza ba."

"Na ji."

"Kin ji, ko kin yarda?"

Saloma ta gyara wa jaririya hula. "Kwananki goma da haihuwa. Jini bai gama komawa jikinki ba. In aiko miki da ja, ki faɗi, in ce wa Francis me? Wake ana sayen wani."

"Kanta fa? Ana sayen wata?"

"Ga shi ba ki rasa ta ba."

"Don Malam Mode bai iya ƙarya ba."

"Ni ku cire ni ciki," in ji Mode daga zaure, bakinsa cike da ƙosai.

"To ki ji da kyau, Maman Divine," in ji Saloma. "Ko wace rana ta Allah, in abu ya ɓaci zan danna miki ja har wayarki ta yi zafi. Amma in kika sake haihuwa, kwana arba'in kore za ki gani. Ba zan fasa ba."

"Ta faɗi gaskiya," in ji Mama Talle daga bakin murhu.

Gladys ta dube su, su biyu, ba mai alamar wasa a fuska. Ta jawo waya ta shiga wajen sunayen masu aiki.

"Malam Mode, wayarka tana buɗe hoto?"

"Tana yi, in ta ga dama."

"Gama ƙosan ka kawo ta. Daga yau kai ma kana da layinka."

"Madam, mi na yi miki?"

"Kawo dai."